Kunnen Maharbi

A jihohin Amurka irin su Wiskonsin da Minesota, farautar barewa gado ce. Da watan Nuwamba ya kama, uba zai ɗauki ɗansa su nausa daji, kuma yara da yawa bindigarsu ta farko kyauta ce daga hannun mahaifi ko kaka. Tun 1871 aka kafa ƙungiyar masu bindiga ta NRA don koyar da saiti, kuma shekara da shekaru ana nuna wa matasa yadda ake riƙe bindiga da inda ba a juya bakinta. Kunne kuwa, an daɗe ba wanda ya waiwaye shi.

Alhali ɓarnar ba ƙarama ba ce. 'Yar bindigar .22 da ake fara koya wa yaro da ita, ƙararta na kaiwa wajen desibel 140, manyan bindigogin farauta kuma kan haura 160. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙarar farat ɗaya ta wuce 120 a kunnen yaro. Abin da ke lalacewa ƙananan ƙwayoyin ji ne da ke can cikin kunne, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Mai harbi da dama, kunnensa na hagu ya fi cutuwa, domin idan ya kwantar da kunci a gindin bindiga, kansa na kare na dama. Da fari kunne ya riƙa ƙara. Bayan shekaru sai mutum ya ji ana magana amma kalmomin ba sa fita sosai. Ronald Reagan ma, na'urar ji da ya fara sawa a 1983 yana shugaban ƙasa, sanadinta ƙaramar bindiga ce da aka harba dab da kunnensa wajen ɗaukar fim yana saurayi.

Ba rashin magani ba ne. Tun 1907 wani mai haɗa magunguna a Balin, Maximilian Negwer, ya fito da toshin kunne na Ohropax, a 1972 kuma Ross Gardner ya ƙirƙiro na soso mai araha. Mafarauta dai suka ƙi, saboda suna son jin motsin dabba a cikin ganye. Binciken da aka yi a garin Beaver Dam na Wiskonsin, wanda aka wallafa a 2000, ya gano kashi 95 cikin ɗari na masu farauta ba su sa komai a kunne ba duk tsawon shekarar da ta gabaci binciken. Abin takaici, a hannun irin waɗannan mafarauta yara ke koyo.

Yau gasar harbin faifan yumɓu ta makarantun sakandare ta wajabta kariyar kunne, kuma akwai murfin kunne mai batir da ke ƙara sautin ƙasa-ƙasa ya datse ƙarar harbi. Sai dai hannun yaro gajere ne, bindigarsa ma gajera, don haka bakinta ya fi kusa da kunnensa. Shi ya sa likitocin ji ke cewa a haɗa masa biyu, soso a ciki, murfi a waje.