Tarihin Turjiyar Ƙwayoyin Cuta ga Magani a Asibiti: Misalin Sitafilokokas

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun yadda ƙwayoyin cutar da ke kama majinyata a asibiti suka riƙa gagarar magungunan da aka yi domin kashe su. Da yake fagen yana da faɗi, mun zaɓi ƙwaya guda ɗaya, watau sitafilokokas, wadda take haddasa maruru da ruɓewar rauni da gurɓacewar jini. Kimanin mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa ba tare da ta dame shi ba, amma da zarar ta sami kafar shiga ta wurin fiɗa ko allurar ƙarin ruwa, sai ta zama abin tsoro. Tambayar da muke son amsawa ita ce: maganin ne yake koya wa ƙwayar turjiya, ko kuwa da makaminta ya tarar da ita?

2.0 Zamanin Penisilin

Cikin shekarar 1928 ne Alexander Fleming ya lura, a asibitin St Mary's na Landan, cewa wata funfuna da ta tsiro a farantin gwajinsa ta hana sitafilokokas yaɗuwa. Ba a mayar da wannan sinadari magani ba sai da Howard Florey da Ernst Chain suka tace shi a Oxford, aka kuma gwada shi a kan wani ɗan sanda cikin Fabrairun 1941. Mutumin ya fara samun sauƙi, amma maganin ya ƙare, ya rasu.

Abin lura a nan shi ne, tun cikin 1940, kafin wannan gwaji, Edward Abraham da Chain suka ba da rahoton cewa akwai ƙwayoyin cuta masu fitar da wani sinadari da ke kakkarya penisilin. Fleming kansa, a jawabinsa na karɓar lambar Nobel cikin 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai bar ƙwayoyi masu jure masa. Ba a daɗe ba kuwa abin ya bayyana. A asibitin Hammersmith na Landan, Mary Barber ta gano cewa sitafilokokas ɗin da penisilin ba ya kashewa sun kai kashi 14 cikin ɗari a 1946, kashi 38 a 1947, sa'an nan kashi 59 a 1948. Ta kuma nuna cewa yawancinsu daga gado zuwa gado suke yaɗuwa ta hannun ma'aikata. Cikin shekarun 1950 wani iri da ake kira 80/81, wanda aka fara gani a Ostareliya, ya bazu a ɗakunan haihuwa na ƙasashe da dama, yana kama fatar jarirai da nonon masu jego.

3.0 Yadda Turjiyar Take Samuwa

Ƙwayar cuta tana hayayyafa ne ta hanyar rabuwa biyu, kuma in ta sami wuri mai daɗi takan yi haka cikin kamar rabin sa'a. A cikin miliyoyin da ake samu ta wannan hanya, ba a rasa 'yan kaɗan da tsarin gadonsu ya ɗan sāke bisa kuskure. Gwaje-gwajen Salvador Luria da Max Delbrück na 1943, da na Joshua da Esther Lederberg na 1952, sun tabbatar da cewa irin wannan sauyi yana aukuwa tun ƙwayar ba ta gamu da abin da zai kashe ta ba. Ke nan aikin magani shi ne tankaɗe: ya kashe masu rauni, ya bar wa masu ƙarfi fili su hayayyafa ba abokin gasa.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauri. Cikin 1959 masana a Japan, yayin da suke binciken atini, suka gano cewa ƙwayar cuta tana iya miƙa wa wata, ko da ba jinsinta ba ce, ɗan guntun gadon da ke ɗauke da turjiya ga magunguna da yawa a lokaci guda.

Idan muka haɗa waɗannan biyu, za mu ga dalilin da ya sa asibiti ya zama matattarar wannan matsala. A can ne ake ba da magani mai yawa kullum, a can ne marasa ƙarfin jiki suke kwance kusa da juna, a can ne kuma ake huda fata da wuƙa da allura. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.0 Metisilin da Abin da Ya Biyo Baya

Kamfanin Beecham na Ingila ya fito da metisilin a 1959, wanda sinadarin ƙwayar ba ya iya karyawa. Amma cikin 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton cewa daga cikin samfurori 5,440 da ta bincika, uku sun gagari sabon maganin. Dabararsu daban ce. Penisilin da danginsa suna kashe ƙwaya ne ta hanyar ƙulle kayan aikin da take gina bangon jikinta da su, su kuwa waɗannan sun aro wani kayan ginin da maganin ba ya iya riƙewa. Su ne ake kira MRSA a taƙaice.

An daɗe ana zaton metisilin ne ya haifar da su. Sai cikin 2017 binciken tsarin gadon waɗancan tsofaffin samfurori ya nuna cewa asalinsu yana komawa tsakiyar shekarun 1940, watau yawan amfani da penisilin ne ya share musu hanya. Daɗin daɗawa, wani bincike na 2022 ya nuna cewa akwai wani irin MRSA a jikin bushiyar Turai tun ƙarni na 19, domin wata funfunar da ke fatarta tana fitar da sinadari dangin penisilin. Wannan ya amsa tambayarmu ta farko: makamin ya girmi maganin.

Da metisilin ya gaza, sai likitoci suka koma ga bankomaisin. Shi ma cikin 2002 aka sami sitafilokokas da ya gagare shi a jikin wani majinyaci a jihar Michigan ta Amurka, bayan ya aro gadon turjiyar daga wata ƙwayar hanji.

5.0 Kammalawa

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa turjiyar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye cikin 2019, fiye da 100,000 daga cikinsu ta dalilin MRSA. Yankin Afirka ta Yamma ne ya fi yawan mace-macen gwargwadon yawan jama'a, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Saboda haka wannan tarihi ya shafe mu, musamman ganin yadda ake sayen kafso a kemis da tashoshin mota ba takardar likita, a sha biyu ko uku a daina.

Duk da haka tarihin bai rufe ƙofar fata ba. A Ingila, masu kamuwa da MRSA a jini sun kai kimanin 7,700 a shekarar 2003 zuwa 2004, amma kafin cikar shekara goma sun koma ƙasa da 1,000. Ba wani sabon magani ne ya yi wannan aiki ba. Wanke hannu ne, da gwada majinyata yayin kwantar da su, da keɓe masu ɗauke da ƙwayar, da kula da allurar ƙarin ruwa, da taƙaita ba da magani. Wasu daga cikin waɗannan matakan su ne waɗanda Mary Barber ta yi ta kira a kansu tun shekarun 1950. Muna ganin ya kamata kwalejojinmu na horar da malamai su sa wannan tarihi cikin darasin kimiyyar lafiya, domin ɗaliban da muke yayewa su ne za su gaya wa yaran firamare dalilin bin umarnin likita wajen shan magani, da dalilin wanke hannu kafin a taɓa majinyaci.