Labarin Hanya: Daga Jagaban Ayari zuwa Mota Mai Magana da 'Yar'uwarta

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba yadda mutanen ƙasar Haɗeja, musamman na wajen Kaugama, suka riƙa samun labarin hanya tun zamanin dā, sa'an nan a ga abin da wannan tarihi zai koya wa manazarta harkar sufuri.

Kafin zuwan Turawa, fatake ba su tashi sai a ayari. Madugu shi ne shugaba, amma jagaba ne ke wucewa gaba ya dubo zango da ruwa da lafiyar hanya. Idan ayari biyu suka gamu, bayan gaisuwa sai tambaya: ina ruwa ya ci, ina mahara suke, nawa ake biya a mafita? A ƙasa irin tamu, wadda kogin Haɗeja ke malala cikin fadamu kowace damina, wannan labari ya fi guzuri daraja, domin turbar da aka bi da rani tana iya zama tafki a watan Agusta.

Bayan yaƙin Haɗeja na 1906 al'amura suka sake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1930 aka kai dogo Nguru, ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Aka kuma kawo wayar tangaraho, wato a karo na farko labari ya riga matafiyi isa. Sai dai labarin na hukuma ne da kamfanonin sayen gyaɗa. Mai jaki bai daina tambayar bakin hanya ba.

Da motoci suka yawaita, direbobi suka gaji aikin jagaba. A tasha ake jin inda gada ta karye, a kan hanya kuwa da fitila da hannu direba ke gargaɗin ɗan'uwansa. Kogin ma ya sake hali: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe magudanai, har ruwa ya riƙa bin inda dattawa ba su san shi ba. Wayar salula ta shigo a 2001 ta rage wahala, amma ambaliyar 2022 ta nuna iyakarta, domin wanda ba shi da lambar wanda ya gani, bai ji ba.

A ƙasashen waje an ɗauki wannan tsohuwar dabara an ɗora wa na'ura. A 2012 aka gwada motoci kusan 3,000 a garin Ann Arbor na Amurka, kowace tana sanar da na kusa da ita inda take da irin gudunta. A 2015 kuma Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta zaɓi New York da Tampa da Jihar Wyoming don faɗaɗa gwajin. Na Wyoming ya fi kama da halinmu, saboda manyan motocin kaya aka nufa, a gargaɗe su game da iska da ƙanƙara kafin su faɗa ciki.

To, duk mai shirin irin wannan bincike a Jigawa, tarihi ya ba shi tambayoyi uku. Wane labari matafiyi ya fi bukata? A nan ba cunkoso ba ne, ruwa ne. Wa zai kawo shi? Direbobin haya da 'yan acaɓa da masu kwalekwale, waɗanda wayar aljihunsu ta isa ta nuna inda tafiya ta tsaya. Wa kuma zai amfana? Idan aka maimaita abin da ya faru da tangaraho, mai buhun shinkafa da mai kwandon kifi za su sake zama 'yan kallo.

Jagaba dai don ayari duka yake leƙen hanya, ba don madugu kaɗai ba. Allah ya sa manazartanmu su riƙe wannan.