Motar Cikin Kwali: Tarihin Ƙananan Motocin Roba da Ake Haɗawa da Hannu

Idan ka taɓa sayen sabon firji ko talabijin, ka san farin abin nan mai kama da soso, mara nauyi, da ake tare kayan da shi a cikin kwali. Ɗiga masa fetur kaɗan ka gani: nan take zai lotsa, ya narke ya koma danƙo. Wasu ma da gangan suke yin wannan haɗin don su toshe ɓular kwanon rufi. Sunan wannan robar folistarin, kuma a wajen injiniya saurin narkewarta aibi ne babba. To amma a kan wannan aibin aka gina wata sha'awa da ta mamaye yaran Amurka a shekarun 1960, wadda har yau dattawa a ƙasashe da dama ba su rabu da ita ba, wato haɗa ƙananan samfuran tsofaffin motoci, da yi musu fenti, da sauya musu fasali.

Me ke cikin kwalin?

Ba motar wasa ba ce da za ka ciro ka tura. In ka buɗe kwalin, sassa za ka tarar, wani lokaci fiye da ɗari, suna maƙale a jikin wasu sandunan roba kamar 'ya'yan itace a reshe: gangar jiki, inji, kujeru, sitiyari, salansa, fitilu. Kai za ka yanko kowanne, ka goge, ka manna, ka fente.

A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:25 ko 1:24. Ma'ana, an rage kowane tsayi na ainihin motar sau 25 ko sau 24. Motar da ta kai mita 5 za ta dawo santimita 20. Amma tunda an rage tsawo da faɗi da tsayi duka, girman jikin ya ragu sau 15,625 kenan. Wanda ya yi motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san matsalar ko da bai san lissafin ba: taya ɗaya ta fi ƙima kaɗan, motar duka ta koma abin dariya.

Daga talla aka fara

Masu ƙirƙiro wannan abu ba yara suka nufa ba da farko, masu sayen mota suka nufa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dillalan motoci a Amurka ba za su iya ajiye kowace mota a kowane launi a shagonsu ba. Sai aka riƙa yi musu ƙanana na nuni, su jera a tebur, wani lokaci su ba ɗan mai ciniki kyauta. A 1948 aka kafa kamfanin AMT a jihar Michigan, kusa da Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. Motarsa ta farko Ford ce ta alminiyom, amma bai jima ba ya koma roba, ya tsaya a kan ma'aunin 1:25.

A Ingila ma haka labarin yake. A 1949 Harry Ferguson, mai ƙera taraktoci, ya sa kamfanin Airfix ya yi masa ƙaramar tarakta don wakilansa na talla. Haɗa ta a masana'anta na cin kuɗi, sai aka fara sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa. Ka ga an mayar da aikin lebura ya zama abin nishaɗi, har mutum na biya don ya yi shi. A 1951 kuma kamfanin Revell na Kaliforniya ya fara sayar da jerin tsofaffin motocin farkon ƙarni a wargaje, ciki har da Ford Model T, a ma'aunin 1:32. Tun daga tushe dai, kewar tsohuwar mota na cikin abin da ake sayarwa.

Roba biyu, makoma biyu

Samfuran farko da wata roba aka yi su mai suna asitet, wadda ake samu daga ɓargon auduga ko itace. Tana da sheƙi, ba ta saurin karyewa. Matsalarta tana bayyana ne bayan shekaru: sinadaran da aka zuba mata don ta yi laushi suna fita a hankali, laima na shiga, sai ta motse ta karkace. Shi ya sa motocin talla da yawa na shekarun 1950 da suka rage a yau suka lanƙwashe kamar ayaba.

Ita kuwa folistarin tsohuwa ce a ɗakin gwaji. Wani mai haɗa magunguna a Balin, Eduard Simon, ya ci karo da ita a 1839 bai san ko mece ce ba. Sai a 1920 Hermann Staudinger ya kawo bayanin cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka kama juna, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1953. A farkon shekarun 1930 aka fara samar da ita da yawa a Jamus, bayan yaƙi kuma ta yi araha.

Yadda ake sarrafa ta bai yi nisa da aikin masu zubin tukunya ba, sai dai su mazubinsu na ƙasa ne, nan kuwa na ƙarfe ne mai tauri, ɓari biyu. Ana narkar da ƙwayoyin robar a zafin da ya kai digiri 200 ko fiye, a tunkuɗa ta da ƙarfi cikin mazubin, ta daskare cikin daƙiƙu. Sandunan nan da sassa ke maƙale a jikinsu, hanyoyin da narkakkiyar robar ta bi ne. Sassaƙa mazubin shi ne mai tsada ƙwarai. Da zarar an gama, kowane zubi kuɗinsa kaɗan ne. Riƙe wannan batu na mazubi, za mu dawo kansa.

Shekarar 1958

A wannan shekarar AMT ya ɗauki mazuban motocin tallarsa, ya zuba musu folistarin, ya ƙara wasu sassa, ya fito da abin da ya kira uku-a-ɗaya. Kwali ɗaya, zaɓi uku: ka haɗa motar yadda ta fito daga masana'anta, ko ka yi mata kwalliya irin ta 'yan gayu, ko ka mai da ita motar tsere. Yaron da bai isa tuƙi ba ya samu damar yanke rufi, ya sauke mota ƙasa, ya ɗauko injin wannan kwali ya dasa a wancan.

Kamfanonin sai suka jawo mashahuran masu sauya fasalin motocin gaske a Kaliforniya. AMT ya ɗauki George Barris, wanda daga baya ya ƙera motar Batman ta talabijin ta 1966. Revell ya ɗauki Ed Roth, yana biyansa santi ɗaya a kan kowane kwali, kuma an ruwaito cewa a 1963 kaɗai ya karɓi dala 32,000. Yi lissafi da kanka: kwali sama da miliyan uku kenan a shekara guda.

Gam ɗin da ba gam ba

Nan aibin nan ya yi rana. Abin da ake manna sassan da shi ba gam ba ne irin na takarda, sinadari ne mai narkarwa, kamar toluwin. Yana narkar da fuskar sassan biyu, sarƙoƙin wannan su kutsa cikin na wancan, sinadarin ya bi iska, sassa biyu su zama ɗaya. Walda ce ba wuta. Shi ya sa mai sauya fasali zai iya yanka gangar mota gida biyu, ya ƙara mata tsawo, ya goge, ba ka ga tabo ba. Shi ya sa kuma ɗigo ɗaya a gilashin gaba ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Amma abin ya zo da farashi. Tururin toluwin na bugar da mutum, yawan shaƙarsa kuma na lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 1959 jaridar Denver Post ta buga labarin yara masu shaƙar gam ɗin, kuma wasu masu bincike daga baya sun yi nunin cewa yawan yayata gargaɗin ya koya wa yaran da ba su ma san da abin ba. Jihohi da dama suka yi dokar taƙaita sayar da shi ga yara. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Testors ya fara zuba man mastad a cikin nasa don ya riƙa yaji a hanci. Wannan ba baƙon labari ba ne a wajenmu: sholisho da wasu matasa ke shaƙa, wato gam ɗin facin taya, irin wannan dangin sinadarai ne ke aiki a cikinsa.

Fenti ma sai da lissafi

Fentin motar gaske kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. In ka shafa wannan kaurin a samfurin 1:25, tamkar ka lafta wa mota fentin milimita 2.5 ne, layin ƙofa da rubutun suna duk su nutse. Don haka masu abin ke fesa shi siriri-siriri, shafi bayan shafi. Fenti mai zafin sinadari kuma yana cin folistarin, fuskarta ta yamutse, dole sai an fara sa shafin kariya. Bamba da sauran sassa masu ƙyalli kuwa, tururin alminiyom aka lulluɓe su da shi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Hatta tayoyin suna da nasu sharrin: sinadarin laushin da ke cikinsu kan tsiyayo, in suka daɗe a kan gilashi a cikin kwali sai su bar masa tambari.

Faɗuwa, da abin da ya rage

Folistarin daga man fetur take, don haka rikicin mai na 1973 ya ɗaga farashinta. Yaran da suka cika kasuwar sun girma, na bayansu kuma wasannin bidiyo suka ɗauke musu hankali. An sayar da AMT a 1978, Airfix ya durƙushe a 1981, Revell da abokin hamayyarsa Monogram suka haɗe a 1986.

A wannan tsakanin Japan ta ɗaga matsayin aikin. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka, wanda ya fara a 1946 da yankan katako, ya sayi Porsche 911 ta gaske, ma'aikatansa suka kwance ta ɗaiɗai don su auna, kafin su fitar da Porsche 934 a ma'aunin 1:12 a 1976. Kasuwar ta tashi daga hannun yara ta koma hannun manya masu neman daidaito.

To, mu koma kan mazubi. Mazubin ƙarfe na iya yin shekaru hamsin yana aiki, shi ya sa kamfanin Round 2 na jihar Indiana ke sake zuba wasu motocin AMT a ainihin mazubansu na shekarun 1960. Motocin gasken da yawa tsatsa ta cinye su, amma siffarsu na nan a sassaƙe. Sai dai ba duka suka tsira ba. A wancan zamani Detroit na sauya fasalin mota kusan kowace shekara, kuma saboda tsadar sabon mazubi, sai a sake sassaƙa na bara ya zama na bana. Ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Motar 1963 ta mutu kenan don ta 1964 ta rayu.

Abin da ake yi yanzu shi ne a nemo tsohon kwali da ba a taɓa haɗawa ba, a ɗauki siffar kowane sashe da na'ura, a sassaƙa sabon mazubi daga gare shi. Wato kwalin da wani yaro ya samu a 1963 ya yi ƙyuyar haɗawa, aka jefa a saman sif aka manta, yau shi ne tushen da ake kwafa.