Ɗan Sarkin Musulmi a Bakin Kogin Nilu: Yadda Al'umma Kan Tsira a Ƙasar Hijira

A Darmanawa da Tarauni, idan aka ambaci Sudan, hankalin mutane kan tafi ga ɗaliban da aka kwaso daga Khartum bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Amma shekara ɗari da ashirin kafin wannan, ayari ne ya nufi can daga ƙasar Hausa, kuma matashi ne ya ja ragamarsa.

Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Malamai da manoma da fatake suka yi ta barin garuruwansu suna binsa, har da mutanen ƙasar Kano. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, Turawa suka cim masa, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Waɗanda suka tsira suka taru a bayan ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno. Ya keta da su ƙasar da ake kira Chadi a yau, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu wajajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sennar, da sunansa ake kiransa har yanzu: Mai Wurno. Abin mamaki, sun guje wa Ingila ne suka sake tarar da ita tana mulkin Sudan.

Abin da ya riƙe jama'ar nan abu uku ne. Na farko sarauta, domin Mai Wurno ya tsara garinsa bisa tsarin gidan Shehu, yana raba gonaki, yana sasanta rigingimu, yana saukar da baƙi. Na biyu makarantar allo da karatun littattafan malaman jihadi. Na uku harshe: Fillanci da Hausa suka zauna a cikin gida, Larabci ya zama na kasuwa da hukuma. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannaye, sai mahajjata masu tafiyar ƙasa suka riƙa yada zango, da yawansu ba su ƙara gaba ba, ba su kuma komo gida ba.

Kwatanta wannan da tarihin mutanen Tibet yana haska wani abu. A Maris 1959 Dalai Lama, yana ɗan shekara 23, ya tsere wa sojojin Sin zuwa Indiya, dubban jama'arsa suka bi shi. A can suka kafa makarantun yara da cibiyar raya waƙe da wasannin gargajiya, suka zaɓi majalisar wakilai a 1960. A Oktoban 1970 samarinsu suka kafa Ƙungiyar Matasan Tibet, wadda ke da rassa a ƙasashe da dama, take kuma zaɓen shugabanninta da ƙuri'a. Nan ne matasa suka koyi muhawara da tara kuɗi da shirya taro. Lobsang Sangay, wanda aka haifa a ƙasar gudun hijira, ya taɓa zama cikin shugabannin ƙungiyar, kuma shi aka zaɓa ya jagoranci gwamnatinsu a 2011, shekarar da Dalai Lama ya sauka daga ikon siyasa.

Bambancin a fili yake. Mutanen Tibet sun gina makarantar shugabanci da kowane ɗan talaka zai iya shiga. Mutanen Mai Wurno sun dogara ga gado da malanta, waɗanda suka kare addini da harshe, amma ba su isa kare 'yancin ɗan ƙasa ba. Dokar zama ɗan Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, kwanan watan da ya bar muhajiran Burmi a waje. Sunan Fallata da ake kiransu da shi ya daɗe yana ɗauke da ma'anar baƙo.

Wannan miki bai warke ba. A Yulin 2022, neman da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka yi na a amince musu da masarautar gargajiya ya zama silar rikici da maƙwabtansu, aka rasa rayuka fiye da ɗari, Hausawa kuma suka fito zanga-zanga a Kassala da Khartum da wasu birane. Jikokin mutanen da suka bar gida don kada a mulke su suna magana da harshen kakanninsu har yau, amma tambayar wanda zai yi magana da yawunsu a gaban hukuma tana nan ba a amsa ta ba.