Ranar Da Ƙuma Ta Yi Rana

'Yan uwana mata, yau tarihi na kawo muku, ba ƙagaggen labari irin wanda na saba ba. Tarihin wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, Betsi da Kori ten Bom, 'ya'yan wani tsoho mai gyaran agogo a garin Harlem ta ƙasar Holan. Na san wata za ta ce, ke kuma me ya kai ki ga tarihin Kiristoci? To 'yar uwa ki dai karanta tukuna, in kin gama sai mu yi maganar.

An haifi Kori a 1892, Betsi kuma ta girme ta da shekara bakwai. Dukkansu ba wadda ta yi aure. Betsi tun tana yarinya take fama da ciwon ƙarancin jini. Ita kuwa Kori ta so wani saurayi kamar ta mutu, amma iyayensa 'yar masu kuɗi suke so ya aura, ƙarshenta sai ga shi wata rana ya zo har gidansu riƙe da hannun wadda zai aura, wai ya kawo ta su gaisa. Kun ji fa, ashe ba a littattafanmu kaɗai ake irin wannan ba. Ta share hawayenta ta kama sana'ar uba, har a 1922 ta zama mace ta farko da aka ba takardar shaidar gyaran agogo a ƙasar.

A watan Mayu na 1940 sojojin Hitila suka mamaye Holan, aka shiga farautar Yahudawa gida gida. A 1942 mutanen gidan nan suka fara ɓoye duk wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, don tsohon yana ganin addininsa bai yarda ya kori mai neman mafaka ba. A ɗakin kwanan Kori aka gina wani bango na ƙarya, bayansa ɗan lungu ne da bai fi ya ɗauki mutum shida a tsaye ba, ta ƙarƙashin kabad ɗin kaya ake rarrafawa a shiga. An ƙiyasta mutum wajen 800 suka tsira ta hannunsu da abokan aikinsu.

Ranar 28 ga Fabrairu 1944 wani ɗan ƙasarsu ya kai tsegumi, 'yan sandan ciki suka dira a gidan. Kori na kwance da zazzaɓi aka fizgo ta, aka mammare ta, aka mammari Betsi, a kan su faɗi inda lungun yake. Ba wadda ta buɗe baki. Mutum shida na tsaye bayan bangon nan, sai da suka yi kusan kwana biyu ba motsi kafin aka fito da su lafiya. Tsohon kuwa, mai shekara 84, kwana goma kawai ya yi a tsare ya rasu. Allah Sarki.

Daga wannan kurkuku zuwa wancan, a watan Satumba aka loda su a taragon jirgin ƙasa kamar shanu aka kai su Rabensburuk, sansanin mata da ke arewa da Balin. Mata fiye da dubu ɗari suka shiga wurin nan tsakanin 1939 da 1945, dubbai masu yawa ba su fito ba. A bakin shiga ake tuɓe mace tsirara a gaban maza masu gadi, a ƙwace duk abin da ta zo da shi. Kori aka ba ta lamba 66730, ita ce sunanta daga ranar. Amma tana da ɗan ƙaramin Littafi Mai Tsarki a cikin jaka mai igiya, ta rataya shi a wuya ya koma ta baya ƙarƙashin riga. In ji ta, an laluba wadda ke gabanta, an laluba Betsi da ke bayanta, ita ba wanda ya taɓa ta.

Ɗakin da aka kai su shi ne na 28. An gina shi don mutum 400, aka cusa mata kusan 1,400. Gadajen katako hawa hawa, shimfiɗar ruɓaɓɓiyar ciyawa, ga wari, ga faɗa da zage-zage cikin harsuna barkatai, kowa ta kanta take yi. Suna kwanciya sai Kori ta zabura, ƙuma ce ta cika ciyawar. A nan ne Betsi ta tuna mata da ayar da suka karanta da safe a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, mai umarni da godiya a kowane hali, ta ce su gode wa Allah har da ƙumar. Kori ta ce ita kam ban da wannan. Wallahi da ni ce ma abin da zan ce ke nan. Yayarta ta nace, ta yi godiyar dai a baki, zuciya ba ta so.

Kullum da dare, bayan an wuni ana aikin ƙarfi an sha ɗan romon da bai fi ruwan wanke tukunya ba, sai su koma can ƙarshen ɗaki ƙarƙashin wani ƙwan lantarki mai dishi-dishi su buɗe littafin. Kamun mutum da shi babban laifi ne, sun kuma sani. Su karanta da harshen Holan, su juya da Jamusanci, wata ta ɗauka ta mayar da Faransanci, wata da harshen Folan, wata da Rashanci, magana na tafiya daga gado zuwa gado. 'Yan Katolika su yi nasu, 'yan Otodoks su rera nasu a hankali. Taro ya yi yawa har sai da suka riƙa yi sau biyu. Kori ta ce a hankali zagi ya ragu a ɗakin, aka fara jin mai cewa yi haƙuri, mai cewa ba komai.

Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, ko sau ɗaya masu gadi ba su shigo sun kama su ba, alhali a sauran wurare ba sa barin kowa ya sake. Sai daga baya, da jikin Betsi ya yi rauni aka mayar da ita cikin masu saƙa safa a ɗakin, ta ji dalili da kunnenta. Gardama ta tashi a kan aikin, aka kira mai duba su ta zo ta raba, ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga, ta ce wurin duk ƙuma ne.

Ni a tarihin nan Betsi ce ta fi tsaya mini a rai. Mace ce da iska ma za ta iya kayarwa, amma takan gama saƙarta da wuri ta bi gado gado tana yi wa marasa lafiya karatu. Akwai 'yar kwalbar maganin ƙarin jini da Kori ke tattali don ita kaɗai, ita kuwa duk wadda ta gani a galabaice sai ta ɗiga mata. Kori da kanta ta faɗa cewa abin yana ba ta haushi, kuma wannan gaskiyar tata ce ta sa na yarda da sauran zancenta. Har masu dukan su Betsi take tausaya wa, tana ta zancen gidan da za su buɗe bayan yaƙi don jinyar waɗanda zukatansu suka lalace.

Ba ta ga gidan ba. Ta rasu ranar 16 ga Disamba 1944, tana da shekara 59. Kafin watan ya ƙare aka saki Kori, sai bayan shekaru ta ji ashe kuskuren magatakarda ne. Ta buɗe gidan da yayarta ta yi buri, ta kuma zaga ƙasashe sama da 60 tana ba da labarin ɗaki na 28.

A 1947, a wata majami'a a birnin Munik, ta gama jawabi a kan yafiya sai wani mutum ya nufo ta. Ta gane shi, yana cikin masu gadin da suka wuce tsirara a gabansu ita da Betsi. Ya ce ya tuba, ya miƙo hannu yana neman gafara. Ta ce hannunta ya ƙi ɗaguwa, ta tsaya ƙiƙam tana roƙon Allah a zuci Ya ba ta abin da ba ta da shi, sannan da ƙyar ta miƙa.

Ta rasu a Amurka ranar 15 ga Afrilu 1983, ranar da ta cika shekara 91 cif. Shekara biyar ɗin ƙarshe shanyewar jiki ta ɗauke mata magana.