Daga Kamu Zuwa Lamba: Tarihin Awon Tufa da Tattara a Ƙasarmu

Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko tamu ta Madarunfa ana jajibirin Sallah zai ji tambaya ɗaya tana yawo tsakanin mai saye da mai sayarwa: lamba nawa kake sawa? Wani ya ce 42, wani ya ce L, wani ya tsaya yana sosa ƙeya don bai san lambarsa ba. Tambayar ta zama jiki har muna ganin tun fil'azal haka ake. Alhali shekaru 150 da suka wuce ba mai yi wa kowa ita a ƙasar Hausa, ga shi kuwa mutane suna ado, ana ɗinka riga a Kano a sa ta a Agadas ta zauna daram. Abin da nake so in bi diddiginsa a wanga rubutu shi ne inda awo yake a da, da lokacin da ya tashi daga jikin ƙyalle ya koma jikin mutum, da kuma yadda wani maɗinki na ƙasar Japan ya yi suna da wata dabara mai kama da ta wandon kakanninmu.

Lokacin da awo ke jikin ƙyalle

Masaƙar maza ta gargajiya ba ta fitar da ƙyalle mai faɗi. Abin da take bayarwa shi ne ƙwarya, wato dogon ƙyalle siriri mai faɗin ƴan yatsu zuwa tafin hannu. A garin Kura, kusa da Kano, inda ake yin turkuɗi, ƙwaryar takan sirance har ba ta kai yatsu biyu ba. Maɗinki zai jera ƙwarya gefe da gefe ya bi su da allura har su zama zane ko riga. Don haka faɗin tufa da yawan ƙwaryar da ta ci ake faɗinsa. Tsawo kuma akwai taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an ware hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu. Akwai gaba, in an buɗe hannu biyu.

Kafin a kai ga ƙwarya ɗaya sai an noma auduga, an tsince ta, an gurje, an shiɓe, mata sun kaɗa ta da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga. Wanda ya san wanga wahala ba zai sa almakashi ya zagaye hammata ya zubar da ragowar ba. Shi ya sa babbar riga duk miƙaƙƙun ɓangarori ce, sai ƴan cuna da ake sakawa a gefe don ƙasanta ya buɗe. Ƙyalle ba ya asara, jiki kuma ba ya takura.

Wanga tsari shi ya ba tufa ƙafar tafiya. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851, ya bi ta Katsina ya shiga Kano a Fabrairu. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma suna isa har Tambutu. Bayansa da shekaru sama da 100, Philip Shea, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin yadda sana'ar rini ta Kano ta dogara da kasuwannin nesa, musamman na Buzaye. To ka gani, maɗinkin da ke zaune a Kano bai taɓa ganin Buzun da zai sa aikinsa ba, bai san ƙibarsa ko ramarsa ba, kuma bai buƙaci sani ba.

Haka abin yake a fada. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. An shafe shekaru ana kai wa juna hari ta wanga daji namu, amma mahayin Maraɗi da mahayin Katsina yankan rigarsu ɗaya ne. Sarki yakan tuɓe riga ya ba maroƙi, yakan tufatar da wanda ya naɗa, yakan aika wa wani sarki riga cikin gaisuwa. Uba ya rasu, ɗa ya gaji saƙi ko tsamiya ya sa ranar Idi. Riga ta zama dukiya mai zagayawa kamar doki ko takobi, don ba a yanka ta a kan jikin mutum ɗaya ba.

Wa ke daidaita tufa da jiki?

Mai sawa ne. Ka duba babbar riga: in an shimfiɗa ta, faɗin wasu daga hannu zuwa hannu ya wuce mita 2. Dogo da gajere kowa zai tattaro hannun ya aza a kafaɗa, wani ninki biyu, wani uku, ta sake zamowa ya sake naɗewa. Wanga naɗi da muke gani kamar yanga, shi ne awon.

Wando buje ya fi nuna abin a fili. Ƙugunsa in an baje shi yakan wuce mita 2, hantsarsa ta sauko ƙasa. Sai a zura zariya cikin ƙubaka a ja, duk yalwar nan ta taru a ƙugu ta zama tattara. Ka ci tuwo ka ƙoshi, ka sassauta. Ka yi jinya ka rame, ka ƙara ja. In an hau doki tattarar ta buɗe ta ba cinya wuri, kamun ƙafa kuma ya tsuke a idon sawu don kada ya sarƙe da likkafa. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin hannu na Hausawa a Zariya cikin shekarun 1970, ya tattara irin waɗanga wanduna da aikin allurar da ke ƙafafunsu. In ka lura da kyau, wurare uku kawai tufar namiji ke neman awo: wuyan riga ya shige kai, tsawo kada ya ja ƙasa, bakin wando ya wuce dunduniya.

Wajen mata ma haka. Zane ɗaya mace za ta ɗaura tana budurwa, ta ɗaura da ciki wata tara, ta goya ɗa da shi bayan ta haihu. Har yau ragowar wanga hikima na nan cikin lefe. Dangin ango suna zuba turamen atamfa, kowane turmi yadi 6, ba tare da sun tambayi awon amarya ba. Sai an zo kan takalmi da rigar mama za ka ga ana aika yarinya a ɓoye ta binciko lamba.

Yadda lamba ta shigo

Abu uku suka juya al'amarin. Na farko ƙyallen masana'anta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya cinikin gyaɗa ya buɗe a ƙasar Maraɗi, kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen gyaɗa suna sayar da akoko da alawayyo da atamfa. Ƙyalle ya zo da faɗinsa, da arha, ana auna shi da yadi ko mita. Wanda bai kaɗa zare ba ba ya jin ciwon yanka shi. Na biyu keken ɗinki, wanda Isaac Singer ya yi wa nasa samfurin rajista a Amurka a 1851, shekarar da Barth ke yawo a kasuwar Kano. Da keke ya iso hannun teloli, ɗinkin da ke cin kwanaki ya koma na yini guda. Na uku kaki: sojan Faransa, ɗan sanda, ma'aikacin duwan, ɗan lakwal, kowa an sa shi cikin riga da wando masu bin jiki.

Ita lambar kanta tana da tarihi. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an buƙaci kakin soja masu ɗimbin yawa cikin gaggawa, aka auna sojoji, aka lura cewa faɗin ƙirji yana tafiya da sauran gaɓoɓi, aka kasa maza rukuni-rukuni. Na mata ya fi wuya. A 1939 da 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, aka buga sakamakon a 1941, amma awon farar fata kawai aka yi lissafi da shi. A kan wanga aiki aka gina ma'aunin 1958, wanda su da kansu suka janye shi a 1983. Faransa tana da nata 38, 40, 42, Ingila da nata, Sin da nata. Duk waɗanga lambobi suna haɗuwa cikin dila ɗaya ta gwanjo da ta sauka a Kwatano, ta hauro Maraɗi, wani kason ya bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Nijeriya. Shi ya sa L na wanga riga ya yi maka buhu, L na waccan ya ƙi shiga kafaɗa. Jikinka bai canza ba tsakanin rumfa da rumfa. Da aka fitar da lambobin nan, ba a auna kowa daga ƙasarmu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda laifi ya koma kan jiki. A da in riga ba ta zauna ba, sai a gyara naɗi. Yanzu yarinya za ta gwada doguwar riga ƴar kanti ta ƙi shiga, ta fito tana cewa ta yi ƙiba. Samari kuma mun koma kaftani mai matse hannu da wando tsukakke, wanda in ka ƙara kilo 3 tsakanin ƙaramar Sallah da babba, shaddar da aka kashe wa jikkuna ta tashi aiki. Ƙanenka ma ba lalle ta yi mishi ba.

Maɗinkin Japan da tattararsa

Issey Miyake an haife shi a Hiroshima a 1938, ya rasu a watan Agusta na 2022. Tun shekarun 1970 tunaninsa yana kan yadda ƙyalle guda zai rufe jiki ba tare da an daddatsa shi ba. Wajen 1988 ya fara gwajin tattara, a 1991 ya ɗinka wa ƴan rawar William Forsythe na birnin Frankfurt kaya ya ga yadda suke miƙewa da motsi, a 1993 ya fito da jerin tufafin da ya kira Pleats Please.

Dabararsa ta juya tsarin da aka saba. Da can ana fara karya ƙyalle ne sannan a yanka. Shi kuwa sai a yanka rigar a ɗinke ta da girma ninki biyu zuwa uku na yadda za ta ƙare, a sa ta tsakanin takardu, a tura cikin injin zafi. Zaren roba ne, foliyesta, in zafi ya kama shi yana riƙe kari har bayan wanki. Rigar ta fito ƴar ƙarama, in an sa ta kuma karin ya buɗe daidai inda jiki ke nema, ya rufe inda ba ya nema. Lambobin jerin ƴan kaɗan ne, daga 1 zuwa 5, kuma sau da yawa bambancinsu a tsawo ya fi fitowa, don faɗi aikin tattara ne. Mai saye tsawonsa zai duba, da inda yake so rigar ta tsaya.

Ba ina cewa daga wajenmu ya koya ba, don ƙasarsa tana da kimono, wadda ita ma da miƙaƙƙun ƙyallaye ake haɗa ta, a daidaita da ɗamara. Matsala ɗaya ce aka ba ta amsa iri ɗaya a wurare biyu: a zuba ƙyalle fiye da jiki, a bar ninki ya shanye bambancin mutane. Akwai kuma inda muka rabu. Tattararsa inji ya kafa ta sau ɗaya, tamu kullum safe mai wando ke yin ta da hannunsa. Auduga ba ta riƙe kari in ta sha ruwa, dalilin ke nan da muke komawa ga sitaci da guga da bugu. Sannan wanda ya san zafin watan Afrilu a bakin tabkin Madarunfa, lokacin da ma'auni ke haye 40, ya san yadda zaren roba ke yi da fata.

Abin da ya rage a hannunmu

Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen ado na duniya. Alphadi ya buɗe bikin FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, manyan maɗinka na ƙasashe suka zo. Amma ilimin da nake magana a kai yana can ƙasa, wurin tsofaffin teloli da masu ɗinkin hannu waɗanda suka san inda ake sa cuna da yawan yalwar da hantsa ke so. Yaran da ke koyon keke yanzu tef da littafin awo suka sani. Kalma kamar buje ma ta sauya gida, yau in ka faɗe ta ƴan mata siket suke ji.

Ina roƙon ƴan ƙungiyarmu, kowa in ya je hutu ya nemi tsohuwar rigar gidansu ya shimfiɗa ta a tabarma. Ya ƙirga ƙwaryarta, ya auna ta da kamu sannan da santimita, ya tambayi sunan kowane ɓangare da mutum nawa suka sa ta kafin ta zo hannunsa. Mu rubuta, mu kawo, mu haɗa a fitowa ta gaba. Wanda kuma zai kai ɗinkin Sallah, ya ce wa tela ya bar mishi yalwa a ƙugu da ƙubaka ta zariya, ko da taƙi ɗaya ne.