Yadda hoto ya koma lambobi, da abin da ya haɗa shi da gonakin Illo

1/ Jama'a, hoton da ke wayarka fa lambobi ne zalla, an jera su layi-layi. Ku biyo ni mu ga inda abin ya faro 🧵

2/ A 1957, Russell Kirsch, wani injiniya a Amurka, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta mai suna SEAC. Ya yanka hoton gida-gida, 176 a tsaye, 176 a kwance. Gida 30,976 kenan, kowanne baƙi ko fari. Waɗannan gidajen su ne fiksel.

3/ Yau kowane fiksel na hoto mai launi lamba uku gare shi: ja, kore, shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Ka buɗe hoto a Python da Pillow, ka miƙa wa NumPy, jadawalin lambobi zai fito maka. Ka ƙara musu, hoto ya yi haske. Ka rage, ya yi duhu.

4/ Wajen ajiya ake yin asara. JPEG, wanda ya fito a 1992, yana zubar da wasu bayanai don fayil ya ƙanƙance. Ka gyara ka sake ajiyewa, ya ƙara zubarwa. PNG na 1996 kuwa yadda ka ba shi haka zai mayar maka.

5/ To ina ruwan Illo? A Satumbar 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. Fiksel ɗaya a hotonsa fili ne mai mita 32 kowane gefe, kusan kashi ɗaya cikin goma na hekta.

6/ Kyamararsa ta kasance tana ɗaukar wani haske da ido ba ya gani, infirared. Ruwa na shanye shi, sai lamba ta faɗi ƙasa. Ganye mai lafiya na mayar da shi, sai ta hau.

7/ Ku tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a Kebbi. Ɗauko irin wannan hoton na fadamun Kwara, daga Illo zuwa Bagudo, na kafin ruwa da na bayansa. Ƙirga fiksel ɗin da lambarsu ta faɗi, ka samu kiyasin hektar da ta nutse. Ranar rabon tallafi, manomi na da hujja.

8/ Ɗalibai 'yan uwana, hotunan Landsat kyauta ake sauke su tun 2008. Ku sauke na garinku ku gwada, amma kar ku ajiye a JPEG.